Bokitin Akwasi

A Suame, inda ƙarfe ke kuka tun asuba,
inda guduma ba ta san Lahadi ba,
nan na san Akwasi Bempa,
bakanike, tafin hannunsa baƙi kamar gindin tukunya,
zuciyarsa kusa, kamar fetur a gefen ashana.
Ya taɓa jifan yaronsa da sifana
a kan noti guda da ya faɗa cikin yashi.
Tabon na goshin Yaw har gobe.

Shekarar da aka binne uwarsa a Mampong
ya dawo ba baki.
Muka ji yana hawa wani bene a Adum,
saman shagon yadi,
wurin wani tsoho Ba'indiye, Gobindram,
wanda ya aje almakashi da littafin bashi,
ya riƙe 'yar fitila da turare.

Daga nan kullum, kafin a buɗe gareji,
sai ya shige mushen wata bas marar ƙafafu,
ya shimfiɗa kwali, ya harɗe ƙafa,
carbinsa mai ɗari da takwas a hannun dama,
ya ja wani sauti daga ƙasan cibiya,
dogo, kamar injin da ya samu mai.
Sannan shiru.
Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya gaji, ya tashi.

Muka yi ta dariya.
Muka ce Akwasi ya zama gunki, a kawo masa ƙwai.

Ran nan na tare shi: me kake nema a rufe da ido?
Bai amsa ba.
Ya jawo bokitin da muke wanke hannu,
ruwa ya yi jajir da ƙasa, ya dama shi da sanda,
ya ce, Fuseini, duba fuskarka.
Na ce ban ga komai ba.
Ya ce, bar shi. Kada kowa ya taɓa.

Da na dawo daga azahar
laka ta kwanta a ƙasa,
ga gemuna, ga wayar lantarki, ga shirwa tana wucewa.

Ya ce, su suna kiransa diyana.
Ba ka kwashe laka da hannu,
damawa kawai za ka bari.
Tsohon ya ce min: fushin nan baƙo ne,
kai ne mai gidan da ke kallon shigarsa.
Shekara arba'in ina zaton ni ne baƙon.

Na ga ranar gwaji da idona.
Yaw ya saki jak, mota ta zame,
gilashin gaba ya tarwatse kamar gishiri.
Guduma ta tsaya a duk layin.
Na ga abin ya taso masa,
jijiyar wuya ta miƙe, sifana na hannunsa.
Ya ja numfashi. Ya sake. Ya ja.
Ya aje ƙarfen a hankali kamar mai aje jariri,
ya ce, nuna min hannunka, ka yanke?

Ba waliyyi ya zama ba.
Makon jiya ma ya zagi wani direba har kakarsa.
Sai dai da yamma na gan shi a tasha
yana neman mutumin, da burodi a leda.

Ni kuwa, goshina ya yi baƙi da sujada,
amma sau nawa nake raka'a ta uku
ina lissafin sidi nawa Isaka ya rage min?
Shi da hanyarsa, ni da alƙiblata,
ban bi shi benen ba, bai ce in bi shi ba.

Jiya bayan isha ban tashi daga buzu ba.
Ban roƙi komai ba.
Ruwa na dukan kwano a Aboabo,
jikata na tari a ɗakin baya,
tasbaha na tafiya ɗaya, ɗaya.
Bokitina bai washe ba tukuna.
Na dai aje sandar.